Nawa cefanen mako yake ci a gidanku?

Maman Haidar, Ƙofar Ƙaura, Katsina: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, don Allah a ba ni amsa ta gaskiya, a ajiye kunya gefe. Nawa ke fita a gidanku na abinci a mako guda? Ku faɗi bakin mutum nawa ke ci, kuma ku faɗi ko kuna da hatsi a ajiye ko awo kuke yi. Mu takwas ne, ni da maigida da yara biyar da ƙanwarsa. Yana ba ni 3,000 kullum, wato 21,000 a mako, masara da shinkafa kuwa shi ke sawo su ƙarshen wata. Kuɗin ba sa kai ni. Ina so in san ko haka abin yake ko'ina.

Uwargida, Rafindaɗi: Wa alaikumus salam. Haka yake ko'ina, 'yar'uwa. Mu goma sha ɗaya ne, 5,000 ake ajiye wa mai girki kullum, kuma a ciki za ki yi niƙa, ki sayi gawayi, ki biya mai ruwa.

Malamin Firamare: Hajiya Maman Haidar, ki gode Allah, maigidanki yana ƙoƙari. Bari in yi maku lissafi irin namu na masu albashi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, gwamnatin Katsina ma ta amince da shi. Raba shi huɗu, 17,500 ke nan a mako. A gida mai mutum takwas, kowane baki bai wuce naira 300 da 'yan kai ba a wuni, safe da rana da dare, kuma hakan in an ɗauka ba haya, ba asibiti, ba kuɗin makaranta, ba man babur. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da abin da baligi ɗaya zai kashe a rana in yana son cin abinci mai gina jiki mafi araha. A tsakiyar 2024 ya haura naira 1,200 a faɗin ƙasa, Katsina kuma tana cikin jihohin da suka fi sauƙi. To ko mu yanke, mu ce 1,000 kacal, mutum takwas kwana bakwai 56,000 ke nan. Ma'aikaci nawa ne a cikinmu ke iya fitar da wannan duk mako? Ni dai gidana mu bakwai ne, komai da komai har hatsi yana kai ni 30,000, kuma noma da nake ɗan taɓawa ne ke rufa mani asiri.

Baban Ummi, Sabuwar Unguwa: Ni ban gane kukan nan ba. Abinci ya sauka, kowa shaida ne. Tiyar masara da gero da muka saya da kuka a 2024 yanzu ta sauko ƙwarai. Ni 15,000 nake bayarwa a mako, mu shida, kuma ban taɓa dawowa na tarar ba a ɗora tukunya ba. Wasu matan ne ba su iya riƙon kuɗi ba.

Maman Haidar, Ƙofar Ƙaura: Malam Baban Ummi, matarka tana sana'a?

Baban Ummi, Sabuwar Unguwa: Tana ɗan soya awara da yamma. Me ya haɗa?

Hajiya Mai Adashe: Shi ya haɗa, ɗana. Ka je ka tambaye ta a natse, ba cikin faɗa ba, ina ribar awarar nan take tafiya. Na daɗe ina riƙe wa matan unguwarmu adashe, kuma ina ganin abin da ke faruwa da idona. Da can mace in ta kwashi adashe, kayan ɗakin ɗiyarta take saye, ko ta sayi tunkiya ta ɗaure. Yanzu kwasa uku cikin huɗu galan ɗin mai ne, da katan ɗin taliya, da rabin buhun shinkafa. Wasu ma sun fita daga zubin gaba ɗaya saboda abin da za su zuba ya tafi a magi da barkono. Mai kitso, mai ɗinki, mai ƙuli-ƙuli, mai sayar da ƙanƙara, duk inda ka ga tukunya ba ta kwana a kife ba, akwai hannun macen gidan a ciki. Ba ta faɗi saboda tana rufa maka asiri, kai kuma sai ka ɗauka 15,000 ɗinka ce ke yin aikin. Abin da maza ke kira kuɗin cefanen mako, a gidaje da yawa, bai wuce na kwana huɗu ko biyar ba. Sauran kwanakin mace ce ke ciko.

Uwargida, Rafindaɗi: Allah Ya saka da alheri, Hajiya. Kin faɗi abin da ke raina.

Baban Ummi, Sabuwar Unguwa: To ai taimakon juna ne aure. Laifi ne in ta taimaka?

Ɗalibin Ilimi, Ƙofar Soro: Ba laifi ba ne, lada ma za ta samu, amma a san matsayin abin. Ciyarwa a wuyan miji take, ko da matar ta fi shi dukiya. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, Allah Ya ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Don haka wanda bai da shi ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, mace kuma ta yi haƙuri da shi. Amma abin da ta sa daga aljihunta kyautatawa ce, ba wajibinta ba. Mafi ƙarancin abin da ya kamace ka shi ne ka san ana yi, ka gode, kada kuma ka fito cikin mutane ka ce mata ba su iya riƙon kuɗi ba. Kuma ina jan hankalin masu tsayawa wurin mai tsire ko mai shayi su ci na dubu biyu su kaɗai, alhali sun bar dubu biyu a gida ga mutum bakwai.

Mai Awo, 'Yar Kutungu: Ni a bakin buhu nake wuni, bari in sa baki. Gaskiya ne hatsi ya sauka in aka kwatanta da 2024. Amma ku lura da abin da mutane ke saye. Da, magidanci ya zo ya ce a auna masa tiya goma na masara, biyar na gero, uku na wake. Yanzu mafi yawan masu zuwa wurina rabin tiya ne, wasu ma gwangwani biyu ko uku, a ƙulla a leda. Kuma wallahi mai sayen gwangwani ya fi kowa biyan tsada. Buhu babba yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka. Wanda ya ɗauki buhu ya samu farashin sari. Wanda ya sayi tiya ya biya ribata. Wanda ya sayi gwangwani a shagon unguwa ya biya ribata, ya biya ta mai shago, ya biya kuɗin Keke Napep da ya kai kayan. Haka mai, haka sukari, haka omo. Talaka ya fi mai kuɗi sayen abinci da tsada, ba don yana so ba, sai don kuɗinsa ba sa haɗuwa wuri guda.

Maman Marayu, Tudun 'Yan Lihidda: Wannan magana taka haka take, Malam. Ni ba ni da lissafin mako, na yini nake da shi. Mahaifin yaran nan ya rasu, su huɗu ne. Wankau nake yi da surfe. Ranar da na samu 2,000 mu ci sau biyu, ranar da ba a samu ba in aika wurin mai shago ya rubuta. In na haɗa, mako bai wuce 12,000 zuwa 13,000 ba. Koko da safe, ba ƙosai. Da rana kwaɗon zogale ko rama da ƙuli da garin kwaki, ko ɗanwake in akwai mai. Da dare tuwo miyar kuka. Nama sai in an yi suna a maƙwabta. Ban faɗa don a tausaya mani ba, na faɗa ne don masu lissafi su sa da irinmu, muna da yawa a garin nan.

Maman Haidar, Ƙofar Ƙaura: Allah Ya jiƙansa, Ya raya maki su, Yaya. Ki duba saƙo na aiko maki ta gefe.

Manomi daga Bakori: Ina ta karantawa ina jin ana murna hatsi ya faɗi. Ku 'yan birni ku yi murna, mu nan kuka muke. Na noma masara da takin da na saya da tsadar da ban taɓa gani ba, ga kuɗin haya na tarakta, ga maganin feshi, ga 'yan ƙwadago. Da kaka ta yi, sai ka sayar da buhu biyu na masara, wani lokaci har da ɗoriya, kafin ka maida kuɗin buhun taki ɗaya. A 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kaya suka shigo, farashi ya karye a hannunmu. Ban ce a bar mutane da yunwa ba. Amma in manomi ya faɗi bana, baɗi ba zai shuka masara ba, zai koma dawa da gero da waken suya waɗanda ba su cin taki sosai. Sannan ku da kanku za ku dawo nan kuna tambayar me ya sa masara ta tashi.

Malamin Firamare: Gaskiyarka, Alhaji. Amma ka faɗa mana naka cefanen, tunda kai kana da rumbu.

Manomi daga Bakori: Mu sha huɗu ne. Hatsi ba na saye, wake ba na saye, kuka da kuɓewa mata na busarwa. Duk da haka mai da magi da gishiri da sukari da sabulu da ɗan nama ranar kasuwa suna cin 20,000 a mako. Kuma kuɗin nan daga ina suke fitowa? Daga rumbun nan dai, a ɗebi tiya a kai kasuwa. Da hatsi ya faɗi, tiyoyin da nake ɗiba don in sayi kwalbar manja ɗaya sun ƙaru.

Anti Nas: Wannan maganar ta Alhaji ita ce zuciyar abin. Tuwo ya yi sauƙi, mahaɗi bai yi ba. Ina aiki a ɓangaren yara na asibiti, kuma abin da nake gani shi ne gidaje da yawa ciki yana cika amma jiki ba ya samun abin da yake buƙata. In kuɗi suka gaza, ba tuwo ake ragewa ba. Nama ake fara cirewa, sai kifi, sai ƙwai, sai madara, sai a rage mai, sai wake ya koma sau ɗaya a mako. Babba zai jure. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyu ba zai jure ba, mai ciki da mai shayarwa ma haka. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta sanar cewa a wata shida na farkon 2025 yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. A jiharmu, wadda ke noma abin da ake kaiwa wasu jihohi. Kuma kada ku ɗauka duk daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa suke, akwai na cikin gari. Roƙona ga iyaye mata: in za ki dama wa yaro kunu, kada ya zama gero zalla. Ki soya waken suya da gyaɗa sama-sama, ki haɗa da geron a niƙa tare. Ki zuba garin zogale a miya. In ƙwai ɗaya aka samu a gidan, na ƙaramin ne, ba na maigida ba. In kin ga ƙafar yaro ta kumbura ko gashinsa ya yi ja yana zubewa, asibiti za ki kai shi a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Uwargida, Rafindaɗi: Anti, maganar ƙwai ɗin nan da wuya a gidajenmu. Kwanon maigida ake fara cikawa, haka muka taso muka gani.

Anti Nas: Na sani, Hajiya. Shi ya sa na faɗa a nan inda mazan ke karantawa. Su ne za su ce a ba yaro.

Ɗan Daura: Mu nan Daura lissafinmu ya ɗan bambanta da na Katsina. Gero ne ƙarfin abincinmu, fura da rana ta wadatar da gidaje da yawa, ba sai an ɗora tukunya sau uku ba. Gidana mu tara, ina kashe wajen 28,000 a mako, cikinsu nono kaɗai yana cin kusan 4,000. Abin da ke juya mana kasuwa shi ne iyaka. Daga nan zuwa Kongolam tafiyar 'yan mintuna ce, kasuwar Mai'aduwa kuma rabinta mutanen Nijar ne. Da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, kowa ya ji a jikinsa, mu da su. Sannan a Oktoban 2024 gwamnatinsu ta hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso. Ga kuma faɗuwar naira tun da aka sake ta a Yunin 2023, sefa ta yi ƙarfi, mai sefa ya shigo kasuwarmu ya ga komai araha, ya ɗauka bai yi ciniki ba. Ni ban ga laifinsu ba, 'yan'uwanmu ne, akwai auratayya tsakaninmu. Amma mai naira yana tsaye a gefe yana kallo.

Direban Kasuwa-Kasuwa: Ku ƙara da man fetur. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ba ta kai 200 ba a farashin gwamnati. Kafin 2024 ta ƙare ta taɓa 1,000. Duk kwandon tumatir da na ɗauko daga Danja, duk buhun da na ɗauko daga Dandume ko Funtuwa, kuɗin man nan na kansa. Ga shingaye a hanya, kowanne sai ka miƙa. Ga hanyoyin da ba ka bi in la'asar ta yi. Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, nan ne gonakin da ke ciyar da mu, kuma shekara da shekaru akwai gonakin da ba a iya zuwa.

Maman Haidar, Ƙofar Ƙaura: Tumatir ɗin nan shi ke kashe ni. Da rani kashin 300 ya isa miya, da damina ta faɗi sai ki sa 1,000 miyar ba ta yi ja ba.

Hajiya Mai Adashe: Ɗiyata, wannan kam da hannunki a ciki. Kayan gwari suna da lokaci. Daga sanyi zuwa farkon zafi, lokacin da na noman rani ke fitowa daga Ajiwa da Jibiya da Danja, tumatir da tattasai har zubarwa ake yi. Lokacin ake sayen kwando a yanka a shanya, a samu kauɗa ta shekara. Albasa ma haka, kuɓewa ma haka da kaka. In bazara ta yi zafi ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, sai kaya su yi wuya, kowa ya koma na leda. Iyayenmu ba su san sayen kayan miya kullum ba. Yanzu yara mata suna ganin kauɗa ƙauyanci ce, miyar ta yi baƙi. Ki jiƙa ta da ruwan zafi, ki sa albasa da yawa, ba mai ganewa.

Maman Marayu, Tudun 'Yan Lihidda: Hajiya, shawarar tana da kyau ga mai kuɗin kwando. Ni lokacin da yake araha ma ba ni da kuɗinsa a dunƙule.

Hajiya Mai Adashe: Haka ne, kin fi ni gaskiya a nan. Sai dai a haɗu mutum uku ko huɗu a raba.

Gwauro, Layout: Ba wanda ya tambaye mu marasa iyali. Ni kaɗai ne, amma ina kashe 3,500 a rana wurin masu abinci, shayi da burodi da safe, garau-garau da rana, taliya da dare. Mako 24,500. Na fi Maman Haidar kashewa, ita da ke ciyar da mutum takwas. Da na ga lissafinta sai na fahimci irin aikin da matan nan ke yi.

Baban Ummi, Sabuwar Unguwa: Har yanzu ina kan bakana cewa akwai ɓarna a wasu gidajen. A dafa abinci ya kwana a zubar, a sa magi shida a tukunya ɗaya, yara su tashi sai indomi. Wannan ba tsadar kasuwa ba ce.

Uwargida, Rafindaɗi: Akwai, ban musa ba. Amma wace mace ce ke zubar da tuwo yanzu? Ɗumame ake yi da safe, ƙanzo ma jiƙa shi ake a kwaɗanta. Almajiran unguwarmu sai su zagaye gida goma ba su samu saura ba, ka tambaye su. In kana son ka san gaskiya, Malam, ka karɓi cefanen mako ɗaya ka yi da kanka. Kai za ka sayi gawayi, kai za ka biya niƙa, kai za ka ba yara kuɗin tara in za su makaranta, kai za ka nemo abin da za a ba baƙo in ya faɗo da azahar. Ranar Juma'a ka zo nan ka faɗa mana nawa ya rage daga 15,000.

Malamin Firamare: Makamashi kaɗai abin dubawa ne. Mu mun bar gas mun koma gawayi, gawayin ma ya bi sahu. Ina ba da shawara duk mai son ya san gaskiyar abin da gidansa ke ci ya sa littafi, miji da mata su rubuta duk abin da ya fita na wata guda, har da wanda ita ta sa daga nata, har da bashin mai shago. Mu da muka yi, abin da uwargida ke cikowa ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu. Tun daga nan na ƙara mata, na rage wani abu a waje.

Mai Awo, 'Yar Kutungu: Masu maganar haɗuwa a raba, wannan ita ce hanyar da na ga tana aiki. Akwai malaman wata makaranta da ke zuwa wurina su takwas, su ɗauki buhun masara da na gero, in auna wa kowa tiya biyar-biyar a gabansu a farashin buhu. Ni ban yi asara ba, kayana sun fita da wuri. Amma ku yi shi da kaka, kafin masu ajiya su kwashe su kulle a sito, kuma kafin azumi ya matso, don gero da sukari da wake ba sa jiran a ga wata kafin su tashi. Wake kuma in za ku ajiye, ku nemi buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, ko jarka mai murfi, kada ku zuba masa maganin ƙwari.

Maman Marayu, Tudun 'Yan Lihidda: In za a yarda da mai tiya biyu, a sa da ni a gero.

Hajiya Mai Adashe: An yarda. Ni zan riƙe na mata, Malamin Firamare ya riƙe na maza in ya amince. Gero da masara za mu fara, mai sai wata mai zuwa in an ga yadda wannan ya tafi. Mai so ya rubuta sunansa da yawan tiyar da yake iyawa kafin daren Alhamis, kuɗi kuma a hannu, ba bashi.

Malamin Firamare: Na amince. Mai Awo, ka faɗa mana farashin buhu na safiyar Laraba, da kuɗin ɗauko shi zuwa Ƙofar Ƙaura.